Godiya bayan daren lambar Brownlow ta 2024

Alhamdu lillahi, an gama ƙidaya lafiya a Melbourne. Patrick Cripps na Carlton ya ɗauki lambar Brownlow, kyautar gwarzon ɗan wasan kaka a gasar AFL ta ƙwallon ƙafa irin na Ostareliya, karo na biyu da ƙuri'u 45, Nick Daicos na Collingwood yana biye da 38. Su duka biyun sun wuce tarihin ƙuri'u 36 da Dustin Martin da Ollie Wines suka kafa a tsarin ƙuri'a na yanzu. Muna taya su murna.

Godiyarmu ta farko ta alƙalan fili ce, su huɗu a kowane wasa. Da an busa jiniyar tashi, gumi bai ko bushe ba, sai su shiga ɗaki su rufe ƙofa su daidaita a kan mutum uku: gwanin ranar ƙuri'a 3, na biyu 2, na uku 1. A kakar 2024 ba a ba su takardar alƙaluman wasa ba, abin da idonsu ya gani kawai suka bi, alhali rabin hankalinsu yana kan usur. Nan ne matsalar take. Alƙali yana tare da ƙwallo, 'yan tsakiya ma suna tare da ƙwallo, shi ya sa mai tsaron baya zai yi kakar da ba a taɓa gani ba ya tashi da ƙuri'a biyar. Muna ƙorafi, amma mun san aikin ba sauƙi.

Sai masu ajiyar ambulan. Ana liƙe kowace takarda, ba a buɗewa sai daren Litinin kafin wasan ƙarshe, a karanto zagaye bayan zagaye. Wasannin fainal, wato na neman kofi bayan kammala zagayen kaka, ba sa cikin lissafi. Tun da aka kama wani alƙali a 2022 bisa zargin tsegunta wa 'yan caca ƙuri'u, kowa ya gane nauyin wannan amana. Sannunku da ƙoƙari.

Mun gode wa Isaac Heeney na Sydney da ya haɗiye zuciya. Dakatarwar wasa ɗaya ta fitar da shi daga takara, domin lambar ta mafi iya wasa ce kuma mafi tsafta. Ana ci gaba da ƙirga wa wanda aka dakatar ƙuri'unsa a bainar jama'a, sai dai ba zai ɗauka ba. Haka ta faru da Chris Grant a 1997: ya fi kowa ƙuri'a, Robert Harvey ya tafi da lambar.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya kai mu kaka mai zuwa.