Tabon da ke ƙafar Baba

Ranar da aka fito da Baba daga ɗakin tiyata a Chennai, ƙasar Indiya, ɗinkin ƙirjinsa bai ba ni mamaki ba, da ma mun san da shi. Bandejin ƙafarsa ta hagu ne ya ɗaure min kai, tun daga idon sawu har gwiwa. Mutum ya zo da ciwon zuciya, me ya kai wuƙa ƙafa?

Washegari wata likita ta zana min a takarda. Jijiyoyin da ke shayar da zuciyar sun toshe a wuri uku. Biyu aka kewaye da jijiyar da aka zaro daga ƙafa, ɗaya da wadda ke bayan ƙashin ƙirji. Ta ce ɗinki ba ya tayar musu da hankali kamar lafiyar cikin jijiyar kanta.

Kowace jijiyar jini tana da shimfiɗa a ciki, layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta, ido ba ya ganinta. Endoteliyam suke ce mata. Ita ke hana jini daskarewa yana cikin tafiya, ita ke fitar da sinadarin naitirik oksaid da ke sa jijiya ta saki ta buɗe. A 1980 Robert Furchgott, a birnin New York, ya nuna cewa idan aka ɗan goge cikin jijiyar zomo, sai ta daina sakewa ko an zuba mata maganin da ke sa ta saki. Wannan binciken ya kai shi ga kyautar Nobel a 1998, tare da Louis Ignarro da Ferid Murad.

Ɗan gogawa kawai fa. To ku duba abin da jijiyar ƙafa ke sha kafin ta isa ƙirji. A ja ta, a ɗaure rassanta, a feɗe kitsen da ke jikinta, a ɗura mata ruwa da sirinji don a ga ko tana yoyo. In hannu ya yi nauyi a kan sirinjin, shimfiɗar sai ta saɓule. In aka bar ta cikin tsurar ruwan gishiri ta jima, shi ma lahani ne. Bayan haka kuma a dasa ta inda jini ke dukanta da ƙarfin da ba ta saba da shi ba, ita da aikinta mayar da jini sama a hankali. Duk inda shimfiɗar ta ɗaye, nan jini ke samun wurin kamawa ya yi guda a makonnin farko. Daga baya bangon ya yi kauri, kitse ya biyo. Shi ya sa bayan shekara 10 kusan rabin jijiyoyin ƙafa da aka dasa sun toshe, alhali ta bayan ƙirji wajen 90 cikin 100 na nan a buɗe. Wani likita a Suwidin, Domingos Souza, ya fito da hanyar ciro jijiyar da kitsenta, ba feɗewa ba hurawa, kuma an ga ta fi daɗewa. A ganina wannan tambaya ce da ya kamata dangin majinyaci su yi kafin a shiga da shi.

Na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu a lokacin tiyata ma tana da nata lahanin. Jini na ratsa bututun roba, jiki ya ɗauka an kawo masa hari, shimfiɗar ta fara tsatsafo da ruwa. Kwana uku fuskar Baba da hannayensa suna kumbure, zobensa ya ƙi shiga.

Yanzu wata takwas ke nan da dawowarmu Zariya. Yana takawa masallaci da kansa, numfashi ba ya sarƙe shi. Makon jiya ya ce ai ya warke, asfirin da maganin rage kitsen nan sun ishe shi haka. Na tashi na ɗauko takardar da likitar ta zana, na zauna a gefen tabarmarsa.

"Baba, jijiyar nan baƙuwa ce a inda take. Asfirin ne ke hana jini kamawa a jikinta, ɗayan kuma yana hana kitse taruwa."

Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya shafa tabon tun daga ƙasa har gwiwa, ya daɗe bai ce komai ba.

"Uwata, miƙo min ruwa."