Abin da tauraron ɗan'adam ke gani a kogi, da abin da ba ya gani

Aikina shi ne lissafin ruwan wani kogi da ya ratsa ƙasa fiye da ɗaya, kuma tambayar da masu kula da madatsun ruwa da jami'an agajin ambaliya suke yi mini kullum ita ce: ruwa nawa ne ke tafe, kuma yaushe zai iso? Amsar tana cikin littattafan tashoshin awo na maƙwabtanmu da ke saman kogin. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997 kan kogunan da ke ratsa ƙasashe, wadda ta fara aiki a 2014, ta tanadi musayar irin waɗannan bayanai, amma a aikace wasiƙa takan kwana makonni a kan tebur, alhali ruwa ba ya jiran sa hannu.

Wannan ne ya sa muka koma ga taurarin ɗan'adam. Da hotunan Landsat, waɗanda aka fara ɗauka a 1972 kuma Amurka ta sake su kyauta a 2008, muka bi diddigin yadda fadamu suka tsuke. Cikas ɗinsu shi ne gajimare, domin a tsakiyar damina, lokacin da aka fi buƙatarsu, sai mutum ya buɗe hoto ya tarar da shi fari fat. Sentinel-1 na Turai, da aka harba a 2014, shi ya share mana hawaye, saboda radarsa tana ratsa gajimare dare da rana, kwantaccen ruwa ya fito baƙi wuluk a kan allo.

Sai dai na fahimci cewa saman ruwa kaɗai tauraro yake gani. Ko SWOT, wanda Amurka da Faransa suka harba a Disambar 2022 don auna tsayin ruwa a kogunan da faɗinsu ya kai mita 100, kwana 21 yake yi kafin ya kammala zagayensa, kuma ba ya ganin zurfin kogi. Kafin santimitocin tsayin ruwan da yake aunawa su zama ƙiyasin da za a dogara da shi, dole a gwada su da alƙaluman mutumin da ke sauka bakin kogi da sassafe, ya karanta sandar awo, ya rubuta a littafi.

Amfanin da na fi daraja a wurin taro ya bayyana. Da wakilan ƙasarmu da na maƙwabtanmu suka sauke hoto iri ɗaya, kowa da kwamfutarsa, gardamar ko tafkin madatsa ya cika ta mutu, aka shiga zancen ranar buɗe ƙofofi, wadda babu tauraron da zai faɗe ta sai mai madatsar ya ɗaga waya. Saboda haka a kasafin da na gabatar, gyaran tashoshin awo da haƙƙin masu karanta su na sa a gaba, sannan na nemi a horar da ma'aikatan ƙasashen biyu a ɗaki ɗaya.