Abin da Malam ya faɗa mana a kan Susan Strange

Jiya da la'asar na kai wa tsohon malamina na kimiyyar siyasa gaisuwa a Ƙofar Ƙaura. Ya tsufa, amma ƙwaƙwalwa garau. Hira ta kai mu 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga. Ban manta ba, sai mahaifiyata ta shigo mota daga Jibiya kafin mu ji muryarta.

Malam ya ce, "Ɗana, ka tuna Susan Strange?"

Na tuna mana. Baturiyar Ingila ce, an haife ta a 1923, ta rasu a 1998. Da aikin jarida ta fara, ta yi shekaru a jaridar Observer, ba ta kuma taɓa yin digirin digirgir ba, amma a 1978 ta zama farfesar hulɗar ƙasa da ƙasa a LSE, wato jami'ar nazarin tattalin arziki da siyasa ta Landan. Ita ta ce ƙarfin iko a duniya ƙafa huɗu gare shi: tsaro, sarrafa kaya, kuɗi, da ilimi. Ƙarƙashin ilimin nan ta sa fasaha da hanyoyin sadarwa.

Wallahi a aji haddacewa kawai na yi don jarrabawa. Sai da aka rufe Twitter wata bakwai a Najeriya, sannan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a Maris 2024 har bankuna suka tsaya, na gane inda matar nan ta dosa.

Malam ya ba ni aron tsofaffin takardunsa na darasi, duk sun yi ja. Allah ya ƙara masa lafiya, ranar Juma'a zan mayar.