Garma mai haƙora da muke ƙerawa a Talata Mafara

A maƙerarmu da ke Talata Mafara, aikin da na fi alfahari da shi shi ne garmar shanu mai haƙora, wadda ba ta tayar da kunya kamar garmar huɗa, sai dai ta tsaga ƙasa, ta farfasa ɓawon da ruwan sama ke bari, ta kuma tumɓuke ciyawa tun tana ƙarama.

Ingancinta duka yana ga haƙorin. Daga sifirin babbar mota muke yanko shi, mu gasa har ya yi ja, mu lanƙwasa, sannan mu tsoma bakinsa cikin baƙin mai domin ya yi tauri ba tare da ya yi gautsi ba. A wurin kawuna na koyi wannan, bayan na daɗe ina zuga kawai. Ranar da na fara ƙera haƙori da hannuna, ya ɗauka ya ƙwanƙwasa shi a kan uwar maƙera, ya saurari ƙararsa, ya ce: "Ɗana, ka yi gaggawar tsoma shi, mayar da shi wuta." Har yau da kunne nake gwada kowane haƙori kafin ya bar hannuna.

Manomi in ya zo, gonarsa nake fara tambaya. Mai jigawa, inda ake gero da wake, faffaɗan baki ya dace da shi, kuma kada ya nutsa fiye da tsawon yatsa, domin zurfafawa a lokacin maimai tana tsinka saiwar shuka. Masu laka a filayen da madatsar ruwan Bakolori ke shayarwa kuwa, siriri mai kauri nake ba su, ina kuma jan kunnensu da kada su shiga gona tana jiƙe sharkaf, saboda laka takan dunƙule ta bushe kamar dutse.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu ƙera irin wannan garma da rodin gini, su shafa jan fenti, su kai kasuwa da araha. Da farashinsu ake zuwa ana taya tawa. A daminar bara wani dattijo ya bar tawa ya sayi irin waccan, kwana huɗu ya dawo da ita a amalanke, haƙora biyu sun miƙe, ga ciyawa tana cin dawarsa. A daren na kunna wuta na sauya masa duka biyar, ya ɗaura wa shanunsa bayan sallar asuba.