Ni da gyaran tsofaffin gem

Shagona ƙarami ne a nan Kano, tebur ɗaya da benci da wata tsohuwar talabijin mai ƙusumbi wadda na hana yara su taɓa, sana'ata kuma gyaran na'urorin gem ce. Mutane da yawa suna zaton PS4 da PS5 ne ke ciyar da ni, wallahi a'a, PS2 ce. Sony ta fitar da ita tun 2000, aka daina ƙera ta wajen 2013 bayan an sayar da sama da miliyan 150 a duniya, amma har gobe ita ke riƙe da ƙananan gidajen gem na cikin unguwa, yara su taru bayan la'asar ana buga bal ana musu kan wa ya ci wa.

Yawancin wadda ake kawo min ciwonta ɗaya ne, ta daina karanta faifai. Idan na kwance ta abin da nake fara gani ƙura ce, musamman lokacin hunturu, ta toshe fanka ta rufe idon da ke karanta faifan, wani lokacin har da kyankyasai sun yi gida kusa da inda wuta ke shiga saboda ɗumi. Burushi da auduga da ɗan sifirit, sau da yawa shi kenan ta tashi. Siririyar PS2 ɗin kuma tana da nata halin, akwai wata siririyar waya mai faɗi da ke bin idon, idan gam ɗin da ya riƙe ta ya saki sai ta ɗago tana gogar faifan tana yi masa zane zagaye, mai gem ya yi ta zagin mai sayar da kaset alhali laifin na cikin na'urarsa ne. In idon ya mutu gaba ɗaya ma ba na cewa mutum ya sayi sabo, sai in sa masa Free McBoot, wata manhaja da ke ba PS2 damar kunna wasu manhajoji, a memori ɗin nan mai 8MB, in zuba wasannin a filashi ya riƙa kunnawa ta OPL, manhajar da ke buɗe wasa ba tare da faifai ba. Gaskiya USB ɗin PS2 tsohon yayi ne, 1.1, bidiyon farkon wasa yana ɗan sarƙewa, amma mai gidan gem ina ruwansa da bidiyo, shi dai a shiga fili.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na wuta. Kayan da ake kawowa na hannu ta kasuwar Alaba ta Legas, wasu na Japan ne wasu na Amurka, can wutarsu 100 zuwa 120 ce, mu kuma tamu 230. Mutum ya saya da murna ya isa gida ya soka a soket ba tare da ya duba bayanta ba, sai ƙara da hayaƙi. In an yi sa'a fiyus ne kawai da kafasita, in ba a yi ba sai an canza allon wutar duka. Don Allah a riƙa karanta ɗan rubutun nan na baya, ba ya cin minti ɗaya. Haka masu zuwa suna cewa gem ɗinsu ya lalace hoto ba kala, nan ma lafiyarta ƙalau, ita tsarin hotonta NTSC ne na Japan da Amurka, talabijin ɗin kuma tsarin PAL na nan kaɗai ya sani.

Akwai wasu kwastomomin da na fi jin daɗinsu, manya masu iyali da ke tono kayan yarintarsu. Wani Alhaji ya zo min da Sega Mega Drive a leda, ya ce "Malam duba min wannan, ta yayana ce, so nake yarana su ga abin da muka taso da shi." Na ce "Alhaji ai wannan ta girmi yaron shagona nesa ba kusa ba," don tun 1988 aka fara fitar da ita a Japan. Dalmar wajen da caja ke shiga ce ta tsage, na ɗumama na ƙara sabuwa, na goge bakin kaset ɗin, hoto ya fito tas. Ƙusoshi kaɗan ka kwance ka ga komai a shimfiɗe, kowane layi kana iya bin sa da mita har ka kamo inda ya yanke.

To yanzu ɗauko kwamfutar zamani. Ina karɓar laftof jefi-jefi saboda kasuwa, amma raina ba ya so. Da yawa daga cikin sirara ɗin nan an manne RAM a jikin allo, ba ƙari ba ragi, batiri an liƙe shi da gam, ƙusoshin ma wani iri ne sai ka sayi sukudireba na musamman. Ga Windows 11 da ta ce sai na'ura tana da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, an kuma daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoban 2025, kenan kwamfutar da ke aiki lafiya lau an mayar da ita tsohuwa da ƙarfi da yaji, ɗalibin da ya tara kuɗi ya sayi ta hannu ya zai yi? Sababbin gem ɗin ma haka, ka sayi faifai da kuɗinka ka saka, ya ce sai ka sauke sabuntawa mai gigabait goma-goma kafin ka shiga wasa da mutane, da wace datar, da wace wutar? Kana cikin saukewa a ɗauke wuta. PS2 kuwa ka danna ta kawo, ko ƙaramin janareta ya ishe ta.

Matsalata yanzu kayan gyara ne. Idon da ake kawowa sabo a kwali yawanci ba ya jimawa, robobin cikin hannun gem ma na yanzu wata biyu sun saki, shi ya sa duk wanda ya zo da matacciyar PS2 ko Sega nake saye in ajiye a ƙarƙashin tebur, har 'yan gwangwan na unguwarmu sun san ni, in sun tsinto sai su fara biyowa ta nan kafin su kai kan sikeli. Yaron shagon yana min dariya wai na tara bola, amma jiya ma a cikin bolar ya ciro fankar da muka sa wa wani mai gidan gem daga Kurna.