Yadda tikitin fakin ya kai ni zauren majalisar garinmu

Ni dai aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, a wani gari a arewacin Ingila, shekara ta uku ke nan. Da sassafe zan fita in zaga gida shida ko bakwai, wannan a yi masa wanka, wancan a ba shi magani, wata kuma shayi kawai za ka haɗa mata ka tabbatar ta sa wani abu a cikinta. Kowane gida minti 30 ko 45 aka ware maka, in ba ka da mota wallahi ba za ka iya ba, to mota kuma sai da wurin ajiye ta, a nan matsalar take.

A watan Nuwamban 2024 na je gidan wata tsohuwa da nake kira Mama, a layinsu akwai gurbin da aka yarda ka yi fakin minti 30 kyauta, kullum nan nake tsayawa in gama in fito kafin lokaci ya cika. Ran nan ina buɗe ƙofa na tarar da ita a ƙasa tsakanin gado da ƙofar banɗaki, jikinta ya yi sanyi ƙalau, tun asuba take nan. An koya mana ba a ɗaga wanda ya faɗi haka kawai, sai na kira 999, na lulluɓa mata bargo, na zauna a ƙasa kusa da ita na riƙe hannunta tana ta ba ni haƙuri wai ta ɓata min lokaci. Motar asibiti ba ta zo ba sai bayan kusan awa biyu. Ina fitowa na hango 'yar ledar nan mai ruwan ɗorawa manne a gilashin gaba. Tara ce, ita suke kira PCN, fam 50, in ka biya cikin kwana 14 ya koma 25. Lokacin mafi ƙarancin albashi fam 11.44 ne a awa kuma shi ake biya na, ka ga ko rabin na biya aikin sama da awa biyu ya tafi ke nan, daidai awa biyun da na yi zaune a ƙasa da Mama.

Raina ya ɓaci sosai. A daren na shiga shafin majalisar garin, don ita ke da tarar, na rubuta ƙorafi cikin fushi, ba hujja ko ɗaya, labari kawai na zuba, bayan mako biyu suka ce ba su karɓa ba. Kuskurena na farko ke nan. Wani Alhaji da muke sallah tare, ya fi shekara 20 yana tuƙin tasi a garin, shi ya zaunar da ni ya ce ɗana waɗannan mutanen takarda suke gani ba hawaye ba, je ka nemo lambar kiran motar asibitin da rajistar wurin aikinku da ta nuna lokacin shigarka da fitarka. Ya ce in jira takarda ta biyu da ake aika wa mai mota, a nan ake ƙorafi na hukuma, in sun sake ƙi akwai kotun musamman ta harkar tarar motoci mai zaman kanta, kyauta ce, lauyoyi ne ke yanke hukunci ba ma'aikatan majalisa ba. Amma ya gaya min gaskiya cewa in na bi wannan hanyar na faɗi, fam 50 cif zan biya, rangwame ya wuce. Na bi, na haɗa takardun, aka soke tarar ba mu kai ga kotu ba.

Da a nan na tsaya da shi ke nan, amma abin ya tsaya min a rai saboda a wurin aikinmu kusan kowa ya taɓa shan tikitin nan, yawancinsu mata ne, biya kawai suke yi su yi shiru don tsoron kada ya taɓa musu biza, alhali wannan tarar ba laifi ba ne irin na 'yan sanda, bashi ne tsakaninka da majalisa. Kuma abin da ya fi ci min rai, majalisar da ta ba kamfaninmu kwangilar duba Mama ita ce dai ta turo wanda ya manna min takardar.

Alhajin ne ya ce in je in ga kansilar unguwarmu. Gaskiya na yi jinkiri, don ni a gida na san kansila ne lokacin kamfen kawai, har na baro Najeriya ban taɓa ganin takardar kasafin kuɗin ƙaramar hukumarmu da idona ba, duk da tsarin mulkin 1999 ita ya damƙa wa tasha da kasuwa, kullum ana yankar rasit amma ban taɓa tambayar ina kuɗin ke zuwa ba. A nan kuwa ranar Asabar na same ta a laburaren unguwa, tebur ɗaya kujera biyu, ba ɗan sanda ba 'yan rakiya, mutum uku ne a gabana. Ta saurare ni har na gama, ta ce ita ba ta da ikon soke tikitin kowa kuma bai kamata ta samu ba, amma tana cikin kwamitin sa ido, watan Janairu za su duba rahoton fakin na shekara tare da daftarin bajet, in turo tambayata a rubuce in zo in karanta da bakina.

Kwamitin nan dokar ƙananan hukumomi ta 2000 ce ta kawo irinsa. Kansilolin da ba sa cikin masu zartarwa ne ke zama, su kira manyan ma'aikata su titsiye su da tambaya, su ba da shawara, amma ba su da ikon tilasta wa kowa, abin da ke hannunsu shi ne dole a ba su amsa. Ajanda da takardun mitin kuma doka ta ce a fitar da su kwana biyar na aiki kafin zama, kowa na iya saukewa. Na sauke a waya, shafi ya fi ɗari, dare uku ina karantawa bayan na taso aiki, a nan na ga abin da ya canza min tunani.

Ashe kuɗin fakin ba a zuba shi cikin babbar tukunya haka kawai. Sashe na 55 na dokar zirga-zirgar hanya ta 1984 ya ce a buɗe masa asusu daban, a fara cire kuɗin gudanar da aikin, albashin masu yunifom ɗin da ke manna tikitin, injinan tikiti, fentin layi, in an samu rara to akwai abubuwan da aka lissafa za a iya kashewa a kai, gina wurin fakin, gyaran titi, motocin haya na jama'a, gyaran muhalli. Kuma ba a yarda majalisa ta ƙara kuɗi da niyyar neman riba ba, a 2013 babbar kotu ta soke ƙarin da majalisar Barnet a Landan ta yi wa takardar fakin ta mazauna unguwa daga fam 40 zuwa 100 saboda wannan dalilin. A namu rahoton na ga yawancin rarar tana tafiya ne wajen biyan kamfanonin bas kuɗin katin da tsofaffi ke hawa kyauta daga ƙarfe 9:30 na safe. Katin nan na sha ganinsa a jakar Mama. Na daɗe ina kallon layin nan a waya, don ni a zatona wasu ne ke raba kuɗin a ofis.

Ranar mitin ƙarfe shida na yamma aka fara, kujerun jama'a sun kai talatin amma mu huɗu ne, ni da wata abokiyar aikina da na lallaɓo, sai wani dattijo da ya zo kan maganar rufe laburare, sai ɗan jarida ɗaya. Minti uku aka ba ni. Hannuna na rawa na karanta, na ce me ya sa majalisa ba za ta ba masu kula da tsofaffi takardar izinin fakin ba tunda aikinta muke yi, kuma tikiti nawa aka ba irinmu a bara. Shugaban sashen fakin ya ce ba su da wannan adadin don ba sa rubuta sana'ar mai mota, kuma duk izinin da aka bayar kyauta giɓi ne a asusu. Sai kansilarmu ta ɗaga hannu ta tambaye shi shin an taɓa zama da sashen kula da tsofaffi an lissafa abin da ake asara in ma'aikaci ya yanke ziyara don gudun tikiti, ko ya bar aikin gaba ɗaya. Ya ce ba a taɓa ba. Wani kansila daga ɗaya jam'iyyar ya ƙara da tambayar ko kwangilar kamfanin da ke ba da tikitin tana da adadin da ake so su cika, aka ce babu, ƙa'idar gwamnati ma ta hana, ya ce to a kawo musu kwangilar su gani da idonsu, aka rubuta.

Bayan nan ma'ajin majalisa ta yi bayanin bajet, a nan jikina ya yi sanyi. Kula da tsofaffi da yara shi ke cinye kaso mafi girma, harajin gidaje ba za su iya ƙara shi ya wuce kashi 4.99 cikin ɗari ba sai an yi ƙuri'ar jin ra'ayi, ga mafi ƙarancin albashi zai hau zuwa fam 12.21 a Afrilun 2025, wato ƙarin da ni nake murna da shi su nauyi ne a kansu, kuma dole su rufe bajet kafin 11 ga Maris ba tare da giɓi ba. Sunan majalisar birnin Birmingham ya fito sau biyu, ita da ta sanar a Satumban 2023 cewa kuɗinta ba zai kai ba. Na tausaya musu, amma ban canza ra'ayi ba, har gobe ina ganin ba daidai ba ne a cike ramin da aljihun matar da ke karɓar mafi ƙarancin albashi tana wanke iyayen mutane.

Kwamitin ya amince da shawarar cewa sassan biyu su zauna su kawo rahoto kan izinin. Na ɗauka an gama, kuskurena na biyu ke nan, wata uku shiru, sai da na yi ta tura imel ina ambato lambar shawarar kamar yadda take a rubutaccen bayanin mitin sannan aka sa ta a ajanda. Da na sani tun farko da na tattara kwafin tikitin abokan aikina kafin in je, tunda su sun ce ba su da adadi. Yanzu na tara guda 14 a cikin wani fayil, kowanne da rana da sunan layi da dalilin da ya sa aka wuce lokaci, na goge sunayen masu su. Mama ta dawo daga asibiti da sandar tafiya, in na shiga gidanta har yanzu ina sa ƙararrawar minti 25 a waya. Zama na gaba mu shida ne za mu je, biyu sun riga sun yi musayar aikin yamma da wasu.