Kwalbar ƙarfe biyu na dare

Da na fara karatu a kan safaktan, wato sinadarin nan mai santsi da ke hana ƙananan jakunkunan huhu manne wa juna idan an fitar da numfashi, na ɗauka aikin bai wuce auna yawansa ba. Ashe randa biyu kan cika daidai, amma ɗaya ruwan shekaranjiya ne a kwance, ɗayar kuwa ana ɗiba ana zubawa. Mu saurin zubawar muke nema.

Kusan kashi 90 cikin 100 na safaktan kitse ne, sauran furotin iri huɗu: SP-A, SP-B, SP-C da SP-D. Tun 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead suka nuna cewa ƙarancinsa ne ke sa bakwaini wahalar numfashi. Ni SP-B aka ba ni, wanda jaririn da aka haifa babu shi sam ba ya rayuwa sai an yi masa dashen huhu.

Dabarar ita ce a saka wa jariri ta jijiya ɗaya daga cikin tubalan furotin, kamar lusin, mai ɗauke da kabon-13. Wannan kabon ba ya fitar da tururi mai cutarwa, nauyi kawai ya ɗara na kullum. Huhu ya gina sabon furotin da shi, mu kuma mu bi sawu a majinar da ake zuƙowa daga bututun numfashi, mu ga yadda alamar ke hawa da sauka.

A nan na sha wuya. Ba a zuƙo majina don bincikenka; sai nas ta ga jaririn na bukata, kai kuma ka jira da kwalba a hannu, ko da ƙarfe biyu na dare ne. Abin da za ka samu ɗan tsugul ne, SP-B kuma ga shi da son manne wa jikin roba, ka yi sakaci rabinsa ya tafi.

Wani dare barci ya ci ƙarfina, na sa kwalba a firji ban rubuta lokaci ba, wai zan tuna. Da safe na tsaya ina kallonta: biyu ne ko uku da rabi? Lissafin duk a kan sa'o'i ya dogara. Malamata ba ta yi faɗa ba, ta dai ɗauke kwalbar ta ajiye gefe, ta miƙo min biro mai igiya na rataya a wuya. Har yau yana aljihun rigar aikina, igiyar ta yi baƙi.